Ƙanin Matata a Sahun Tegeya

Ranar taro, shida ga watan furanni

An yanke magana. Za mu fita yaƙi da garin Tegeya. Sun sake karkato rafin da ke tsakaninmu ya kwanta a gonakinmu na Mantineya, sha'irina ya ruɓe a tsaye. Da aka ce masu son yaƙi su ɗaga hannu, na ɗaga. Maƙwabcina Simiyas ya zungure ni: "Har da kai, mai 'yar Tegeya a ɗaka? Yau ka kwana da yunwa ke nan." Aka yi dariya, ni ma na yi.

Labari ya riga ni isa gida. Matata Damo ta ajiye mini gurasa da cuku da zaitun kamar kullum. Ko uffan. Da faɗa ta yi da ya fi mini sauƙi.

Washegari, bakwai ga wata

Har yanzu shiru.

Ranar kasuwa, sha biyu ga wata

Na dawo na tarar ta sauko da garkuwata daga bango, tana ɗinke maɗaurin da ɓera ya ci. Na ce ta bari in kai wa baduku. Ta ce, "Baduku ba mijinsa ba ne." Abin da ta fara ce mini ke nan tun ranar taro.

Can kuma, idonta a kan allura: "Maigida, ka san Lakiratis zai fito."

Na sani mana. Ƙaninta ne, shi kaɗai ne namiji a ɗakinsu. Shi ya riƙo linzamin alfadarin da ya kawo ta gidan nan, gemu ma bai fito masa ba, yana ce mini tsohon jaki wai an yi wa yayarsa asara. Bara ma ya zo taya ni tsinkar inabi, ya ci fiye da abin da ya tsinka.

Na ce sahu da faɗi, ba lallai mu haɗu ba. Maganar banza. Ta ja zaren ta ciza.

Ranar fita, uku ga watan girbi

Ta cusa mini albasa da busasshen ɓaure a jaka. A bakin ƙofa ta zuba wa alloli ruwan inabi, ta ambaci sunana. Sai ta ƙara zubawa, wannan karon leɓenta kawai ya motsa. Na yi kamar ina gyara takalmi.

Bayan karo, tara ga wata

Mun ci, in ji manya. Ni dai abin da na sani turereniya da ihu, garkuwar na baya a gadon bayana, sai kawai gabanmu ya buɗe suna gudu.

Da manzonsu ya zo roƙon gawarwaki aka ba su izini, na nemi a sa ni cikin masu tsaron filin. Simiyas ya ce me zan tsinta, an riga an kwashe sulke. Na bi gawarwakin ɗaya bayan ɗaya ina duba fuska, ina roƙon in gama ban gan shi ba.

Yana can gefen hagu kusa da rafin. An cire masa komai. Mashi ne a wuya. Na ɗebo ruwa a kwalkwalina na wanke masa fuska, na rufe shi da mayafina. Wani dattijon Tegeya da ya zo da amalanke ya tsaya yana kallona. Na ce, "Ƙanin matata ne." Ya kama ƙafafu na kama kafaɗu.

Na yanko mata ɗan gashinsa.

Ranar dawowa, sha ɗaya ga wata

Gari ya cika da guɗa. Ta ganni a ƙofa ta ruga ta riƙe ni, tana shafa hannuwana ko akwai rauni. Sai ta lura ba mayafi. Ta dubi fuskata. Na buɗe tafin hannuna.

Ba ta yi ihu ba, maƙwabta na biki. Ta shiga ɗakin saƙa ta cusa zane a baki. Na zauna a ƙasa kusa da ita, ban san inda zan sa hannuna ba, sai ita ta jawo shi.

Daga baya ta ce, "Kai ne?" Na ce a'a, ina dama, shi a hagu ya faɗi. Ta ce, "Na sani. So nake in ji daga bakinka."

Ranar bikin nasara, sha biyar ga wata

An yanka bijimi a dandali. Na karɓo rabonmu na miƙa wa gidan Simiyas. Na ce cikina ne.

Ranar kasuwa, ashirin ga watan inabi

An yi sulhu, hanya ta buɗe. Na raka Damo wurin mahaifiyarta. Tun daga ƙofar Tegeya ake bina da ido, wata mata ta tofa yawu. Tsohuwar ta rame, gani ma ya ragu. Ta laluba fuskata ta ce, "Ɗana, kana cikinsu ranar?" Na ce ina ciki, Inna. "Kai ka lulluɓe shi, an gaya mini." Ta miƙo mayafina, a wanke a ninke, sannan ta ce wa Damo ta ƙara mini miyar wake, wai na zube.

Na shanye miyar.

Ranar farko ga watan huɗa

Ruwan fari ya sauka. Na gama tawa gonar da wuri. Ta tsohuwar tana can ba mai taɓa ta, ciyawa har gwiwa, na gani da muka je. Gobe zan kora shanuna in tafi. Simiyas ya leƙo ta katanga: "Yanzu kuma Tegeya za ka yi wa noma?" Na ce shanun ne ke zaman banza, kada su yi ƙiba su lalace.

Damo tana ɗaure mini guzuri, na ji tana 'yar waƙa ƙasa-ƙasa. Ban shiga ba, kada ta daina.