Irin Baba da Ƙaton Ƙarfe

Garin Iro, kusa da Gangara
12 ga watan Sha'aban

Zuwa ga Yayana Ɗahiru,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya. Ya zafin Katsina, ya aikin bulo? Inna tana gaishe ka. Kaka Tala ta ce in tambaye ka, wai ko mijinta ya manta hanyar gida ne. Ƙanwarmu Delu ta fara kiran sunanka, sai dai ta rame. Garin rogon da ka aiko ya kai mu kwana tara, yanzu mun koma cin anza ta daji, ni ke jiƙa ta ina sake ruwa har ɗacin ya rage.

Yaya, akwai abin da na yi wanda ban iya faɗa wa kowa da baki ba.

Ran Talata masu allurar yara suka zo da majigi. Aka toshe tagogin lakol, makarantarmu ta boko, da tabarmi, aka rataya farin zane. Maza suka kalla da hantsi, mu mata bayan azahar. An nuna yadda ake tafasa ruwan sha. Da aka gama, direbansu, wani Hambali, ya ce akwai sauran mai a inji, bari ya sa mana wani, mu ɗan manta da yunwa. Mushe, malamin lakol, ya riga ya tafi gida, maza ba su ga wannan ba.

Wani ƙato ne na ƙarfe, ya fi kukar kasuwa tsawo nesa ba kusa ba. Mutum biyu ke shiga cikin kansa, in sun ɗaga hannu shi ma ya ɗaga. Yana faɗa da wata dabba mai ƙaya a baya, wadda ke fitowa daga ruwa tana taka gidaje kamar ƙwai. Amma ka san abin da ya sa mata salati? Ba dabbar ba ce, ruwan ne. Ruwa har iyakar gani, ga wani yana zuba daga sama, ba mai tara ko ƙwarya. Kaka ta ce, kai, wannan almubazzaranci!

Da Faransanci suke magana. Sai mata suka turo ni gaba, wai ga ƴar lakol, in fassara. Yaya, ka san ni, ko a aji shida ban taɓa ɗaga hannu ba. Suna magana da sauri, ban kama komai ba. Na ji kunyar in ce ban ji ba, su ce shekara shida na yi a banza. Sai na ce dabbar ita ke shanye ruwan sama na duniya, shi ya sa aka ƙera ƙaton ya kashe ta.

Ana cikin haka ta cire masa hannu guda, ya durƙusa. Nan injin ya mutu, mai ya ƙare. Mata suka yi ca a kaina, wai me suka ce zai faru. Na ce zai tashi ya kashe ta, ruwan da ta haɗiye ya dawo ko'ina kafin azumi.

Wasu sun yi dariya. Kaka ba ta yi ba. Duk majigin da ta taɓa gani na gwamnati ne, abin gaskiya ake nunawa. Tun ranar nake ganin tana tsayawa bakin randar da muka like irin Baba a ciki, kwanon tiya huɗun nan na gero zango da ka ce kada a taɓa sai ruwa ya ratsa ƙasa sosai.

Don Allah in ka wuce ta gidan silima ka tambayar mini yadda ya ƙare. Wataƙila abin da na faɗa ya yi daidai.

Ka huta lafiya. Ƙanwarka,
Yelwa

Garin Iro
19 ga watan Azumi

Yaya Ɗahiru,

Assalamu alaikum. Barka da shan ruwa. Ina fatan kana lafiya, kai da abokan zamanka. Ban samu amsarka ba, na sani mota ba ta zuwa kullum. Inna lafiya. Delu ta yi zawo, ta samu sauƙi. Ƙafafun Kaka sun kumbura.

Yaya, ka zauna kafin ka karanta. Iri ya tafi.

Kwana uku bayan wasiƙata Kaka ta fasa bakin randar. Inna ta roƙe ta, ta tuna mata maganarka. Kaka ta ce ai ƴar lakol ta ji da kunnenta ruwa na tafe, za ta yi binne, ruwa ya tarar da iri a ƙasa. Inna ta dube ni. Da na buɗe baki a lokacin, da yanzu iri na nan. Na sunkuyar da kai. Ni na riƙa sara ramuka da sungumi, Kaka na bina tana zubawa tana rufewa da diddige, ƙasa busasshiya kamar toka. Maƙwabta na wucewa suna cewa tsohuwa ta ruɗe.

Daren biyu ga azumi aka yi yayyafi. Bai kai a tara ba, amma ya ishi iri ya farka. Da ka ga gonar, Yaya! Layi-layi kore, mu kaɗai a duk garin. Matan da suka yi dariya suka zo suna shafa kaina, wai bakina na da albarka. Har ni na fara yarda ƙaton ya tashi.

Daga nan ko ɗigo. Kowace safiya nakan je in duba. Ganyen ya nannaɗe kamar zare, ya yi ja. Na ɗebo ruwa a rijiya na zuba wa gindi ashirin na bakin hanya, Inna ta hana ni, ta ce rijiyar ta kusa ƙafewa. Jiya iska ta taso da yashi ta rufe sauran.

Hatsin nan Baba ya zaɓa da hannunsa shekarar da ya rasu, kuma ya ce daga kakansa ya gada, wanda ya zo da shi daga Daura. Ko an raba irin gwamnati baɗi, ba shi ba ne. Ni na kashe shi don jin kunyar kalma uku, ban ji ba.

Kaka ba ta yi mini faɗa ba. Ta kan kira ni in matsa mata ƙafa, ta ce kishiyata hannunki ba ƙarfi. Na fi son ta zage ni. In gaya mata gaskiya, ko in bar ta tunda ba ta da lafiya? Abin da ka ce shi zan yi. Ka yafe mini in za ka iya.

Ƙanwarka,
Yelwa

Garin Iro
Mako biyu bayan Salla

Yayana,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina kuma yi maka ta'aziyya. Na san Malam Alhassan mai kai saƙo ya faɗa maka Kaka ta rasu ran Juma'a. Allah ya jiƙanta, ya ba mu haƙuri. Inna da Delu suna nan da sauƙi.

Wasiƙarka ta same ta da rai. Na gode da ka je har ƙofar silima don ni. Da na karanta cewa mai tsaron ƙofar bai tabbata wanne nake nufi ba, irinsu da yawa, kuma a wanda ya sani ƙaton ya tashi amma mutanen cikinsa ba su fito ba, na yi kuka, ban san dalili ba. Ka ce in faɗa mata, na faɗa.

Ina matsa mata ƙafa na faɗa, ban ɗaga kai ba. Sai na ji tana dariya har da tari. Ta ce tun a lakol ta gane, wai mutumin cikin majigi ya yi magana gajeriya ni kuma na yi doguwa, kuma kunnuwana na rawa in ina ƙarya tun ina ƙarama. Ta ce ta tsufa da yarda ƙarfe zai kawo ruwa.

Na ce to me ya sa, Kaka?

Ta ce sau biyu ta tashi ta sa hannu a bakin randar nan Delu na kuka, sau biyu ta janye. Ta san na uku turmi za ta nufa. In aka daka, kwana shida ne ya ƙare, kuma kowa ya san ita ta ciyar da irin ɗanta. In yana ƙasa hannunta ba ya kai gare shi, sai abin da Allah ya yi. Tana neman abin da za ta faɗa wa Inna ne kawai, ni kuma na ba ta. Ta ce, ke ki yafe mini, na bar miki kayana kika ɗauka wata biyu.

Sannan ta sa na kwance bakin zanenta. Akwai ƙullin irin Baba, bai cika tafin hannu ba. Ta ce na baɗi ne, in riƙe.

Gobe za mu tafi garin Agiye da mutanen gari, an ce ana rabon dawa. Ba mu san kwana nawa za mu yi ba. Na kwana huɗu da ƙullin a jikina. Shekaranjiya Delu ta yi ta kuka, na tsinci kaina ina lissafin ko zai yi kunu ludayi nawa. Yanzu na gane Kaka.

Shi ya sa ambulan ɗin nan ya yi nauyi. Ka buɗe shi a kan faranti kada ya zube. Ka sa toka, ka ajiye inda ɓera ba zai kai ba, kada ka aiko mana da shi ko da ni na rubuto na roƙe ka. Ka zo da shi da kanka in ruwa ya ratsa ƙasa. Ni zan sara ramukan.

Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri. Ƙanwarka,
Yelwa