Kunnen Karenka da Ƙafar Baba

Auta,

Na tarar kana barci ban tashe ka ba, babban likita yana buƙatar hutu. Na koma asibiti.

Sakamakon gwajin Baba da na karenka ya fito. Ƙwayar cutar da ta hana gyambon ƙafar Baba warkewa ita ce a kunnen karenka. Magani huɗu aka gwada mata, ko gezau ba ta yi ba. Likita ta tambaye ni wa ke ba karen magani. Na ce ƙanena ne, a waya ya yi digirinsa. Duk kafson da aka rage a gida sai ya ɗura wa kare, bayan kwana biyu ya ce ya warke. Ba ta yi dariya ba.

Ka tattaro ragowar magungunan da ke gwangwanin kan firji ka kawo kafin ƙarfe biyu. Tana son ganin abin da ka saba wa ƙwayar da shi, kafin su yanke shawara ko za a cire yatsan ƙafar Baba.

Baba ya farka yana tambaya ko karen ya ci abinci. Ban gaya masa komai ba. Kai za ka gaya masa.

Yayarka