Wandon Abba

Funtua, Laraba da dare

Ana sanar da al'umma cewa yau tela ya sake ƙara wa wandon makarantar Abba faɗi. Tun da aka buɗe shagon soyayyar kaza a bakin layinmu, yaron nan ya yi sallama da tuwo. Hajiya na ƙorafi, ni kuwa in ce, "Ƙyale shi, jikin hutu ne."

Da yamma muka je gona a Maska. Dawa na kaɗawa a hankali, har na hango kaina ina yaro, ina tsere tsakanin kunyoyi ba takalmi. Ina waiwayawa sai ga Abba zaune yana haki.

"Baba, ƙirjina."

Shekararsa tara kacal, kuma ni ke kai shi shagon. Hajiya, kin fi ni gaskiya.