Kwalbar Ruwan Teku

Kwatano, 3 ga Maris, 1968

Zuwa ga yayata Ummuhani,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina gaida Inna, ina tambayar ƙafarta. A gaida mutanen unguwa, babba da yaro.

Ni dai lafiya lau, aikin otel sai godiya. Kin ce in ba ki labarin teku, to ga shi. Ruwa ne da ba a ganin ƙarshensa, Yaya, kuma ba ya hutawa, kullum cikin tafiya da dawowa yake. Abin da zai ba ki dariya shi ne Turawan nan da ake kira turis, masu yawon buɗe ido. Su baro ƙasarsu takanas don su kwanta a rairayi rana ta gasa su. Mu muna neman inuwa, su suna gudunta. In sun yi jawur sai su shiga kasuwa su sayi malafa da jakar fata da tarkacen da ko kyauta aka ba ki ba za ki ɗauka ba. Daga nan su hau jirgin ƙasa zuwa Faraku, su bi ta Jugunku a mota su nufi duwatsun Atakora, inda aka gina musu masauki don shan iska. In kin ga farar mota ta wuce, baƙina ne.

Ki ci gaba da ba Tambaya direba wasiƙarki ya kai wa Audi, ma'aikacin jirgi a tashar Faraku. Ta hannunsa ta fi saurin iso ni.

Ƙanenki mai biyayya,
Abduljalil

Jugu, 20 ga Maris, 1968

Jalilu,

Salamu alaikum. Muna amsawa, Inna na sa maka albarka.

Wasiƙarka ta zo. Sau uku na karanta wa Inna, na huɗun ita ta karanta mini da ka. Ashe yanzu Jugu ta zama "Jugunku"? Sannu Mushe mai Faransanci, ɗan bakin ruwa. Baƙin naka kuwa na gan su. Ɗaya ta leƙo ta tagar mota ta ɗauki hotona da tallan ƙuli a kai, ko sannu babu. In ta dawo otel ɗinku ka koya mata gaisuwa.

Gida yana nan yadda ka bar shi, sai dai ya ƙara girma. Ɗakunan nan tara da fataken goro suke sauka zamanin Baba, yanzu kaji ne ke kwana a biyu, sauran na rufe. Tun da na dawo gida bayan rasuwar mijina ban taɓa jin shiru irin na bana ba. Ni da Inna mukan wuni ba mu yi magana goma ba, kuma bakwai a ciki a kanka ne. Salla huɗu ke nan ba ka. Ba ƙorafi nake ba, kewa ce, kuma na faɗa.

Ga saƙo. Gwiwoyin Inna sun kumbura, har salla a zaune take yi. Maƙwabciyarmu Tasalla ta ce ruwan teku maganin wannan ciwo ne, a riƙa shafawa safe da yamma, wata 'yar uwarta a garin Onklu da shi ta miƙe. Inna ta ce ita da ke da ɗa a bakin teku ai ba ta da matsala. Ka ciko kwalba ɗaya ka aiko.

Ka huta lafiya.
Yayarka, Ummuhani

Kwatano, 9 ga Afrilu, 1968

Yaya Ummuhani,

Gaisuwa da girmamawa. Ciwon Inna ya tayar mini da hankali, Allah ya ba ta lafiya.

Ga kwalbar nan a hannun Tambaya, na toshe bakinta da kyau. Da kaina na shiga ruwa har gwiwa na ɗebo, turis suna kallona suna dariya. In kun ga ya ɗan yi duhu kada ku damu, haka ruwan yake. Zuwa gida kuwa sai aiki ya yi sauƙi, yanzu baƙi sun yi yawa.

Na bar ku lafiya.
Abduljalil

Jugu, 2 ga Mayu, 1968

Jalilu,

Salamu alaikum. An hana ni rubuta wannan wasiƙa, mako uku ina haƙuri, yau na kasa.

Ranar da kwalbarka ta zo, Tasalla da mata huɗu suka biyo ta har tsakar gida, kowa na son ganin teku. Inna ta zuba kaɗan a tafin hannu, ta ɗanɗana. Sai ta ɗaga kai ta ce, "Lalle teku ce. Allah ya yi wa autana albarka." Ta shafa a gwiwa a gabansu, har ta tsiyaya wa Tasalla a ƙoƙo.

Da suka watse ta ce in rufe ƙofa. Ta ce, "Ummu, wannan gishirin Foga ne aka jiƙa da ruwan rijiya. Yaron nan bai kai teku ba."

Kai Jalilu, duk gishirin da ke kasuwa ka rasa wanda za ka saya sai na Foga? Ka manta 'yar wa za ka aika wa? Mahaifinta shekara talatin yana ɗauko gishirin nan a bayan jakai daga arewa yana musanya shi da goro. A kan buhunansa ta yi rarrafe. Ta ce ko a cikin miya ta ji shi sai ta gane, ɗanɗanon ƙasa da hayaƙin nan nasa ba ya ɓuya.

Na yi fushi, na ce bari in zubar. Ta ce in na taɓa kwalbar nan ba ta yafe ba. Safe da yamma tana shafawa a ƙofar ɗaki inda masu shigowa za su gani, duk wanda ya tambaya ta ce da sauƙi. Babu wani sauƙi. Ta ce kada in gaya wa kowa, kai ma kada in gaya maka, wai kunya za ta ƙara kora ka nesa.

Ƙaryar ba ita ta fi ci mini rai ba. Shekara biyu muna kallon kudu muna yi maka addu'a, ashe ba mu ma san inda kake ba. Kana ina? Kana cin abinci?

Yayarka, Ummuhani

Faraku, unguwar Titiru, 28 ga Mayu, 1968

Yaya,

Na amsa sallamarki. Ban san da wace fuska zan gaida Inna ba.

Ga ni nan a Faraku. Ban taɓa wuce ta ba. Ranar da na iso na tarar da saƙo wajen Audi cewa mai otel ya ba wani aikin. Na tuna yadda unguwa duka ta rako ni tasha, liman ya yi addu'a, Inna ta raba waina. Na ce bari in yi mako guda in samu wani abin kafin in rubuto. Makon ne har yau bai ƙare ba.

Malafa da jakar fata da na ce turis suna saye, a hannuna suke saye, a bakin tashar jirgi. Labarin teku kuwa daga bakin Audi nake ji, sauran daga katunan hoto da ake sayarwa kusa da ni. Na zaɓi gishirin Foga ne don ya fi duhu, na ɗauka zai fi kama da ruwan da ke cikin hoton.

Ɗaki ɗaya nake haya. Ba wanda ya san sunan gidanmu a nan, da gangan na zaɓi haka. In motar Jugu ta shigo sai in juya baya in ja malafa. Tambaya ya sha wucewa ta gabana da wasiƙarki a aljihu, ina jin muryarsa, ba na iya cewa ga ni. Ranar Salla nakan yi idi a sahun baya in dawo in rufe ƙofa. Ina cin abinci, Yaya, amma ni kaɗai.

Ba zan iya shigowa Jugu haka ba. Kowa zai ce in ba shi labarin teku a gaban Inna, ita kuma tana ji. Ki ba ni lokaci. Zan hau jirgi in je Kwatano ko na wuni ɗaya ne, in gan ta da idona, in ɗebo na gaskiya. Sannan in zo. Kada ki karanta mata wannan.

Ƙanenki,
Jalilu

Jugu, 3 ga Yuni, 1968

Jalilu,

Salamu alaikum. Na karanta mata, har ƙarshe.

Ba ta yi kuka ba. Ta tambaye ni tafiyar awa nawa ce daga nan zuwa Faraku, na ce wuni bai cika ba. Ta ce ta san irin lokacin da kake nema, ba ta da shi. Ta gaya wa Tasalla za ta je ganin likita, ni kuma zan tsare gida.

Tambaya ya ba ta gidan gaba. Ranar Alhamis za su iso, wajen la'asar. Ta ce ka zo tashar mota da wuri, ka tsaya kusa da ƙofa, don ba za ta iya saukowa ita kaɗai ba.

Sai na ji daga gare ku.
Ummuhani