Wayar da Lami Ke Ciki

Gyadi-Gyadi, Kano

Zuwa ga 'yata Zainabu,

Bayan sallama da gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki Bashir da yara. Yaya ƙafar Anas? Mu nan sai godiya.

Kada ki yi mamakin ganin takarda a hannun direba, ki kuma yi haƙuri da rubutun, na ajin yaƙi da jahilci ne. Wayar da kika saya mini tana nan. Na kashe ta na naɗe a tsumma, don kada in danna wani wuri abin da ke ciki ya gudu.

Kin san Baba Bitrus na Tarauni, wanda muka yi kafinta tare a gidan talabijin. Jikin ya ƙi. Ɗansa Godwin zai mai da shi gida Filato. Ba ya ambaton kowa sai marigayiya matarsa Lami, ga shi hotunanta duk sun lalace shekarar da ruwa ya shiga gidansu. Sai na tuna, a wasan nan Bakin Famfo, ranar da mai fitowa a mai ƙosai ba ta zo ba, Lami ta kawo mana abinci, aka zaunar da ita gaban kasko. Ni na ƙera bencin da ta zauna a kai. Da na faɗa, kowa ya ce tsufa ne ke damuna. Na ce a nemo kashin wasan da famfo ya fashe a ciki.

Sulaiman mai tura fina-finai a Unguwa Uku ya gano shi a kantin intanet ɗin da kika buɗe mini da sunanki. Na saya. Abu, ga Lami da ranta, tana korar mai neman gyara da matsami! Bitrus ya kalla har sai da caji ya ƙare.

Na ce Sulaiman ya tura masa. Ya gwada, allo ya yi baƙi. Wai sharaɗi ne, ba a kwafa, ba a turawa. Wai izinin kallo na saya. Tun da nake ban taɓa jin an sayi akuya igiya tana hannun mai ita ba. Ki tambayo mini masu ilimi.

Mahaifinki,
Kabo

Gyadi-Gyadi, Kano

Zainabu,

Ina gaishe ki, da fatan kowa lafiya. Amsarki ta iso, na gode, sai dai ba ta kwantar mini da hankali ba.

Shekaranjiya na je Tarauni na kunna wa Bitrus, sai ga hoton kwaɗon kulle ƙofa a kan fuskar Lami. Ya dube ni, na dube shi. Wallahi gara a ce mari aka yi mini. Na ce masa caji ne, na fito na nufi Unguwa Uku.

Ashe ɓoyon da na yi ne ya jawo. Sulaiman ya ce dole sau ɗaya a kowane wata wayar ta hau intanet ta gaida masu kantin, in ba ta gaishe su ba su rufe. Ya sa mata data, ta buɗe. To ƙauyen su Bitrus ko kira sai an hau dutse.

Kin ce Godwin ya saya a tasa wayar. Ya nema, sun janye wasan daga kanti, ba a san dalili ba. Kin ce a shiga da sunanki a wayarsa. Sulaiman ya ce sai an cire tawa tukun, kuma bai da tabbacin zai sauko a sabuwa. Na ce kada wanda ya taɓa. Godwin ya ce ina da taurin kai. Da taurin kan aka samo uwarsa.

Na kwana ina tunani, na gano inda aka cuce ni. A kasuwa, ko allura ka saya, sai mai kaya ya buɗe baki ya ce ya sallama kafin ciniki ya faɗa. A nan na biya, amma ba wanda ya sallama mini. Da wa ma na yi cinikin? Sulaiman ya ce ba mutum ba ne.

Ina roƙonki, lambobin sirrin nan naki, kada ki canza su. Kada ki ba yara wayarki su goge wani abu.

Mahaifinki,
Kabo

Gyadi-Gyadi, Kano

'Yata Abu,

Gaisuwa da fatan alheri gare ku duka. Allah ya ƙara wa Anas sauƙi.

Jiya aka tafi da Bitrus. An kwantar da shi a bayan mota, ya rame har zoben Lami yana yawo a ɗan yatsansa.

Na san za ki yi faɗa. Na ba shi wayar. Na sa Godwin ya yi mini alkawari a gaban mahaifinsa cewa duk ranar kasuwa zai sauka da ita gari ta yi gaisuwarta. Na ce kada ya jira wata ya cika, mutanen nan ba su da kara.

Bitrus kuwa ya ƙi karɓar kyauta. Da ƙyar yake magana, amma ya ce shi ba ya riƙe matarsa a kayan aro. Ya lalubo goro guda a aljihu, busasshe, ya ce ya taya. Na ce albarka, don kada ya ga na raina cinikin. Ya yi dariya har tari ya kama shi, ya ce bai da ƙari. Sai na riƙe hannunsa na ce na sallama, da ƙarfi, har direba ya waiwayo.

Ban sani ba ko masu kantin za su rufe gobe, kullum da wannan nake kwana. Shi ya sa na haddace duk abin da Lami ta faɗa a gaban kaskon, har inda take tsaki. In suka ja igiyarsu, zan shiga mota in je in faɗa masa da bakina.

Kada ki saya mini wata waya. Ki dai riƙe lambobin.

Mahaifinki,
Kabo