Rasuwar Barista Jalaluddeen Maiwada da Shari'ar da Ya Bari

Cikin alhini da miƙa lamari ga Allah, ofishin lauyoyi na Maiwada da Abokan Aiki, Kaura Namoda, yana sanar da jama'a cewa ya samu labarin rasuwar shugabansa, Barista Alhaji Jalaluddeen Muhtari Maiwada, ɗan marigayi Alƙali Malam Muhtari na Shinkafi, wanda 'yan bindiga suka harbe ranar Talata da hantsi a hanyar Dauran zuwa Zurmi. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Marigayin ya yi karatun allo da na littattafai a zauren mahaifinsa kafin ya karanci shari'a a Sakkwato, ya yi shekaru a wani babban ofishi a Abuja, sannan ya tattaro ya dawo gida ya buɗe wannan ɗan ofishi na mutum uku, wanda ba ya karɓar kowace shari'a sai ɗaukaka ƙara. Duk wanda ya shigo mana, an riga an kayar da shi a wata kotu.

Kowa ya san lauyan ɗaukaka ƙara da takarda yake aiki, amma Barista bai taɓa yarda ya tsaya gaban alƙalai ba sai ya taka wurin da abin ya faru da ƙafarsa. Mukan tsokane shi cewa takalminsa ya fi rigar kotunsa shan wahala, ya yi dariya ya ɗauki hularsa. Yau dariyar nan tana ci mana rai.

Wannan ɗabi'a ce ta kai shi Dauran. Malam Lado, wani manomin gero, yana gidan yari da hukuncin rataya a wuyansa bisa zargin nuna wa 'yan bindiga hanya, kuma shaida ɗaya tak, mutumin Dauran, ya ce yana tsaye a ƙofar gidansa ya hango shi a hanya tare da su. Barista ya tafi ya tsaya a ƙofar nan don ya ga ko ana iya hango hanyar daga can. Ya je ya gani, amma bai iso mana da abin da ya gani ba. Waɗanda suka tare motar hayar da ya hau zai dawo sun kira cikakken sunansa, sun sallami sauran fasinjoji, ba su taɓa aljihun kowa ba. Ba mu zargi kowa ba, mun dai faɗa wa hukuma abin da muka sani.

Muna miƙa ta'aziyya ga mai ɗakinsa, Hajiya Ummuhani, da 'ya'yansa Samira da Mubashir, da ɗaukacin zuri'ar Alƙali Muhtari. Allah Ya gafarta masa, Ya karɓi shahadarsa, Ya ba iyalansa haƙuri da juriya, amin.

Kotun Ɗaukaka Ƙara za ta saurari shari'ar Malam Lado a Sakkwato wata mai zuwa, kuma ofishinmu ba zai janye ba, ko da yake abokin aikinmu na uku ya ajiye aiki jiya, ba mu kuma ga laifinsa ba. Tsoro kam muna jinsa. Ranar sadakar uku wani mutum da ya ɓoye lambarsa ya kira ofis, ya yi mana gaisuwa cikin ladabi, sannan ya tambayi sunan lauyan da zai ci gaba da shari'ar. Ba sai ya sake kira ba, ga sunan nan a ƙasa.

Barista Zulaihat Anwar Jangeru
Kakakin Ofishi kuma Lauyar Malam Lado
Maiwada da Abokan Aiki, Kaura Namoda