Muryar Tsoho Jibo a Ƙofar Maigari

Daren Laraba, Kaoje.

Alhamdu lillahi. Shekara uku da gama digirina na Tarihi, kullum Baffa Sani sai ya ce, "Wai shi tarihin ga, cin shi ake yi?"

Ambaliyar bana ta shafe iyakar gonar shinkafarmu da ta gidan Bawa. Yau a ƙofar Maigari har an fara ambaton kotu. Sai na tuna hirar da na ɗauka da marigayi Tsoho Jibo lokacin binciken kammala karatu. Na kunna ta a waya a gaban jama'a, don na manta wa ya bai wa gaskiya. Muryarsa ta fito tar: iyaka daga tsamiya zuwa tsohuwar rijiya. Ashe mu muka shigar musu taku goma.

Maigari ya ce in rubuta iyakokin gonakin garin duka tun dattawa na raye, za a biya ni. Ba ofis ba ne, amma aiki ne.

Baffa ya wuni bai kalle ni ba. Bayan magariba ya zo ya zauna bakin tabarmata, ya ce:

"Ɗana, gobe ka taho da wayar taka. Ni ma akwai abin da na sani."